Ranar da Kawu Ya Yi wa Ragbi Alƙalancin Kokawa

Wautar da na yi ita ce kunna wasan ranar Lahadi, ranar da falonmu ke cika da baƙi. So nake Baba ya bar ni in shiga ƙungiyar ragbi, wasan ƙwallon da ake runguma a ruga da ita, da ke atisaye can wajen unguwar Summerfield. Sai na nemo wasan da zaɓaɓɓun 'yan wasan jihohi biyu na Ostireliya suka buga, masu shuɗiyar riga da masu ja, don ya ga abin ba hauka ba ne. Ana farawa aka taru a kan wani ƙato aka maka shi da ƙasa, wallahi har kofin shayin Baba sai da ya girgiza.

Da aka tashi, dattawa suka zauna sharhi. Alhaji, abokin Baba ɗan Kano, ya ce masu ja ba su san ƙwallo ba.

"Gaba za ka, kana jefa ƙwallo baya! Ina gola? Ragar ma wa ya sace ta?"

Kawu, yayan Mama, wanda ya yi kokawa a garin Tawa kafin tumbi ya same shi, ya ɗaga hannu. "Haba Alhaji, wannan ba fanninka ba ne. Ni kaye na duba. Masu shuɗi sun fi kayarwa, su suka ci."

"Kawu, masu ja ne suka ci," na ce. "Ga maki nan a talabijin."

"Talabijin ta taɓa shiga fili? Wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa ya faɗi. Waɗannan a kayar da su, su tashi, a sake kayarwa, ko kunya babu. Kuma ko makaɗi ɗaya ba su ɗauko ba!"

Baba ya juyo yana kallon ƙafafuna, waɗanda ƙanwata ke kira taliya.

"Nan kake so in kai ka?"

"Jininmu ne fa," in ji Kawu. Ya ture tebur gefe, ya naɗe hannun riga. "Taso, ɗana. In ka tsaya mini, ka je."

Baba ya ce ya yarda. Na dubi furfurar Kawu, na ce yau na samu banza. Na sunkuyar da kai na shiga da gudu irin na masu ja.

Abin da na iya tunawa shi ne fanka tana juyawa a samana, da muryar Mama daga kicin tana tambayar me ya faɗi.

"Ɗanki ne, Hajiya," in ji Alhaji.

Baba bai bar ni ba. Kawu ya yi kwanaki yana salla a zaune saboda ciwon baya, ni kuma aka sa ni ƙungiyar gudu ta makaranta.