Tsakuwa Uku a Kan Farar Takarda

Ƙarfe bakwai saura kwata take isa asibiti, masu shara ba su ma gama goge baranda ba. Ba ta bi ta babbar ƙofa. Zagayawa take yi ta bayan ɗakin wanki, ta buɗe wani ɗan ɗaki a ƙarshen lungu wanda ko rubutu babu a ƙofarsa. Ta fara duba firij, ta rubuta sanyinsa a littafi, ta jera ambulan da safar hannu a kan tebur. Daga nan sai ta ɗauko naɗin farar takarda mai faɗi, irin wadda teloli ke zana ɗinki a kai, ta yanke falle huɗu ko biyar ta ajiye. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka, in ji matar da ke share ɗakin, wadda ta ce ita tun a shekarar farko ta daina tambayar dalili.

Ni kuwa tambaya ce abincina, don aikina ɗauko wa jarida labarin kotu. Kowa a asibitin Sista yake ce mata, in kuma za a bambanta ta da sauran sai a ce Sista Mai Takarda. Ɗakinta ake kawo mata da 'yan matan da aka yi wa fyaɗe, ita ke duba su, ita ke tattara abin da zai zama shaida. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa na je da tambayar da ta daɗe tana cina.

Na ce, "Sista, wai takardar nan ta mece ce?"

Ta shimfiɗa falle ɗaya a ƙasa ta ce, "Zo ka tsaya a kai, ɗana. Cire takalmi, ka karkaɗe wandonka."

Na yi. Ta tsuguna tana nuna mini da bakin biro: ga rairayi, ga gashi, ga wani zare ja, ga ɓarɓashin biskit.

Ta ce, "Kai ne ka shigo kana ce mini ba ka karya ba? To wandonka ya tona maka asiri."

Muka yi dariya, sannan ta ce mutum ba ya zuwa shi kaɗai, da wurin da ya fito yake zuwa. Duk wadda aka kawo, a kan takarda take cire kayanta, abin da ya faɗo a naɗe shi ciki a manne. Yawanci ba komai ba ne, in ji ta, amma ba ita ke da ikon cewa ba komai ba ne.

Masu karatu ba su manta da shari'ar shugaban kamfanin nan ba, ta shekara uku da suka wuce. Mutum ne da hotonsa ba ya rabuwa da jarida. Wata matashiya mai buga takardu a ofishinsa ta ce ya kira ta wani ɗaki da ke cikin ofishin da rana tsaka, ya kulle ƙofa, ya yi mata fyaɗe. Ta ce garin kokawa wani akwatin gilashi mai kifaye a ciki ya faɗo ya fashe, ruwa ya jiƙa ta. 'Yan sanda ba su sami izinin bincika ɗakin ba sai bayan kwana tara. Suka tarar da sabon kafet, ba akwati, ba kifi. Shi ya ce bai taɓa kiwon kifi ba, ita kuma ba ta taɓa taka ɗakin ba, ma'aikatansa huɗu suka rantse a kan haka. Gwajin ƙwayar halitta bai ba da abin kamawa ba. Magana ta koma bakinta da bakinsa, ko a yarda da ita, ko ta ƙare rayuwarta da sunan maƙaryaciya.

Gari ya ɗauka. Kifi a ofis! A motar haya, a wurin aski, ko'ina raha ake yi. Kuma bari in faɗa da bakina kafin wani ya tuna mini: ni na rubuta kanun labarin nan, "To Ina Kifin?" Edita ya yaba, jarida ta ƙare tun da hantsi, ni kuwa ina ta hura hanci. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Abin da ban sani ba a lokacin, mahaifiyar yarinyar ce ta ba ni labarinsa daga baya. Ta ce da la'asar ɗin ranar ta kawo 'yarta asibiti, rigarta sharkaf, bakinta ya mutu. "Duk wanda muka gamu da shi sai ya tambaye ta me ya kai ta ɗakin. Sista ce kaɗai ba ta tambaya ba. Cewa ta yi, 'Yata, zan taɓa hannunki, kin yarda? Sai da 'yar tawa ta gyaɗa kai sannan ta taɓa ta." Ranar yarinyar ba ta yi maganar da ta wuce i da a'a ba, balle ta ambaci kifi.

Mai sharar ɗakin kuma ta ce ɗan sandan da ya zo karɓar kayan ya buɗe leda zai cusa rigar, Sista ta tare shi. "Ɗana, jiƙaƙƙen kaya a leda fumfuna yake yi, shaida ta ruɓe. Ka tafi da ambulan ɗin nan yau, riga kuma sai ta bushe." Ya yi ta ƙunƙuni, ta sa shi ya sa hannu a kan mannin kowace ambulan, ya rubuta kwanan wata. Rigar kuma Sista ta shanya ta a ƙuryar ɗaki, ta kulle har kwana biyu.

A cikin waɗannan ambulan akwai mai lamba bakwai. Da masu gwaji suka buɗe, sai ga tsakuwa uku ƙanana, ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Rahotonsu ya ce tsakuwa ce mai shuɗin fenti, irin wadda ake zubawa a ƙasan akwatin kifi.

Lauyan gwamnati ya gaya mini cewa ana gobe Sista za ta ba da shaida ya roƙe ta ta ce raunukan jikin yarinyar sun tabbatar da fyaɗe. Ta ƙi. Ta ce rauni ta gani, ta auna shi, ta zana inda yake, amma ba ta ga wanda ya yi shi ba. "Wallahi kamar in shaƙe ta," in ji shi. "Na ce wannan tsohuwa za ta kashe mini shari'a."

Ina cikin kotun ranar. Lauyan shugaban kamfanin, wanda ya yi suna wajen sa shaidu kuka, ya miƙe yana murmushi.

"Sista, ke uwa ce ko?"

"Uwa ce, ranka ya daɗe, har da jikoki."

"To kin tausaya wa yarinyar nan."

"Ƙwarai kuwa."

"Za ki iya rantsewa wanda nake karewa ne ya ji mata ciwo?"

"A'a. Ba na wurin."

Kotu ta ɗauki gunaguni. Na ga yarinyar ta sunkuyar da kai, na ce a raina shi ke nan. Lauya ya matso kusa, ya ce ai abin a fili yake: Sista ta ji ana labarin kifi, tausayi ya kama ta, ta je kasuwa ta samo tsakuwa ta jefa a ambulan.

Sista ta gyara tabarau ta roƙi a miƙo mata littafinta. Ta buɗe shafin ranar Talatar da aka kawo yarinyar ta karanta abin da ta rubuta: "Lamba bakwai. Tsakuwa uku, shuɗaye, daga naɗin ƙasan riga. Ban san ko mene ne ba." Ta ce ranar ɗan sanda ya sa hannu a manni ya tafi da ambulan, yarinya kuwa ba ta ambaci kifi ga kowa ba sai ranar Asabar, a ofishin 'yan sanda.

Ta ce, "Da na san ta kifi ce, ai da na rubuta ta kifi ce. Ni kifi a gilashi ban taɓa ganinsa ba sai a talabijin."

Alƙali ya ajiye biro ya tambaye ta da kansa, tun da ba ta san abin ba, me ya sa ta adana shi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya faɗo kan takarda ba nawa ba ne balle in zaɓa. Na yarinyar ne."

Da labarin ya fita, wani mutum da ke zuwa wanke akwatin duk mako biyu ya kasa haƙuri, ya kawo kansa kotu, ya ce lallai akwai akwatin kifi a ɗakin. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ma'aikatan nan huɗu suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, aka yanke wa shugaban kamfanin hukunci.

Na daɗe ina juya abin a raina. Mun saba ganin gwani shi ne mai amsar kowace tambaya, amma a nan "ban sani ba" ce ta riƙe shari'ar. Da ta bi shawarar lauyan gwamnati ta faɗi abin da ba ta gani ba, da lauyan can ya yi kaca-kaca da ita, tsakuwar ma ta bi ruwa.

Sista, ke ce kika ƙi yin ƙarya ko don taimakon mai gaskiya. Ke ce kika tsuguna da ciwon gwiwarki kika tsinci abin da ni da ire-irena za mu share da tsintsiya. Ma'ajiyar amana, mai jin maganar wadda bakinta ya mutu! Na tambaye ki mata nawa suka tsaya a kan takardarki, kika ce ba kya ƙirga su, amma fuskokinsu ba sa ɓace miki.

Bayan hukuncin na nemi yarinyar don in ba ta haƙuri a kan kanun nan. Ta saurare ni har na gama, ba ta ce ta yafe ba, ban kuma ga laifinta ba. Abin da ta ce shi ne, "Malam, shekara ɗaya da rabi ana yi mini dariya, har ni kaina na fara tambaya ko mafarkin kifin na yi. Ranar da aka ɗaga tsakuwar nan a kotu na gan ta da idona, ranar na san ban haukace ba."

Mun gode, Sista. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar hutawa cikin jikokinki. Mu kuma da muka rage, ɗan sanda, lauya, ɗan jarida, in muka ci karo da abin da ba mu gane ba, kada mu yi dariya, kada mu share, mu adana shi yadda muka same shi. Ku kuma ƙannena ma'aikatan jinya, har zuwa jiya ba a sami wadda ta yarda za ta karɓi ɗakin nan ba, wai aikin da nauyi, ga yawan zuwa kotu. Gaskiya ne, da nauyi. Amma farkon watan gobe wata uwa za ta shigo lungun nan riƙe da hannun 'yarta, kuma bai kamata ta tarar da ƙofa a kulle ba.