Watannin Malam Ubale

Sammani ɗan Malam Ubale mai awo ne, daga wani ɗan ƙauye da ke bayan Karare, ƙauyen da in ka je yau ba ka tarar da kowa sai ƙadangaru. Mutum ne dogo marar jiki, mai tafiya da kai a ƙasa kamar ya yar da allura. Yana koyar da tattalin arziki a wata kwaleji mai zaman kanta a Katsina, ranar Laraba da yamma ya hau mota ya koma Batsari, inda ya kama wa iyalinsa hayar ɗaki uku tun shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen nasu. Baki goma sha uku ke ci daga aikin nan nasa: mahaifiyarsa Baiwa, da matarsa Ramlat da 'ya'yanta, da matar ƙanensa da aka kashe a gona, ita ma da nata.

Ana cikin haka kwalejin ta fitar da takarda cewa duk malamin da bai kawo digiri na biyu ba kafin ƙarshen shekara ta gaba, to ya nemi wani wurin. Sammani ya riga ya gama darussa a jami'a, saura kundin bincike, amma kundin nan shi ne ƙashin da ya tsaya masa a wuya. Shekara huɗu jami'a ke ba mutum, har da ƙarin wa'adi, in ya wuce sai a share sunansa. Shi kuwa ya ci biyu da rabi yana canjin batu.

Batun da ya zauna a kai, mutuwa ce ta kawo masa. Bayan rasuwar Malam Ubale ana rabon ɗan abin da ya bari, sai ga wani littafin rubutu mai jan bango a ƙasan akwati. Sammani ya gane shi nan take, don shi ya saya wa tsohon a watan Janairun 2009, lokacin yana ajin ƙarshe na sakandare. Ashe tun daga sannan Malam ke rubuta farashin tiyar gero a kasuwar Batsari, sau ɗaya a wata. Kowane shafi layi goma sha biyu, da lambobin Larabci daga ɗaya zuwa sha biyu, babu sunan wata, babu shekara. Shafi goma sha biyar cif, ko layi ɗaya bai tsallake ba.

Sammani ya zauna bakin akwatin ya yi kuka, rabi na rashin uba, rabi na murna. Ya ce a ransa zai nuna wa duniya, da lissafi, cewa hare-haren da ake kai wa Batsari da Safana su ke jawo tsadar hatsi. Ya yi wata uku yana tonon tsofaffin jaridu, yana ƙirga harin da aka kai kowane wata tun daga Janairun 2009. Sannan ya jera su a kwamfuta kafaɗa da kafaɗa da lambobin babansa, layin farko da Janairu, na biyu da Fabrairu, har layi ɗari da tamanin.

Akwai gwajin da masu wannan ilimi ke yi, na neman sababi. Ka jera abu biyu wata bayan wata, ka tambayi kwamfuta wanne ke yin gaba, wanne ke bin sawunsa. A faɗa kamar wasa. A aji kuwa a allo aka koya musu, da alli, malamin ya cika allon da haruffan Girkanci ya share ya sake cikawa, ba a taɓa kunna kwamfuta ko sau ɗaya ba. Littattafan laburare su ma haka, shafi arba'in na lissafi kafin a gaya maka abin da za ka latsa, ƙarshe ma ba a gaya maka ba. Su ashirin da bakwai ne a ajin, kuma kowace safiya ta Allah sai wani ya rubuta a zauren wayarsu: don Allah wa ke da mataki-mataki? Ba wanda ke da shi, sai dai kowa ya turo abin da ya tsinta.

Da tsince-tsincen nan Sammani ya lallaba ya yi gwajin. Kwamfuta ta ce babu alaƙa. Hari bai ja tsada ba, tsada ba ta ja hari ba, kowa harkar gabansa yake yi.

Ya yi dariya, ya ce lallai wani wuri ya latsa ba daidai ba. Dariyar ba ta daɗe ba. Ya ba da tazarar wata ɗaya tsakanin hari da farashi, babu. Wata biyu, uku, har sha biyu, babu. Ya sake manhaja, ya sake wata. Yakan hau dutsen bayan gari da rana tsaka don ya samu sabis, ya saurari wani Ba'indiye yana bayani da gudu kamar ana korarsa, ya tsayar ya rubuta, ya mayar baya. Ya cika littafin rubutu huɗu da matakan mutane daban-daban, kowa na ƙaryata ɗan'uwansa. Ya bi wani malami har Zariya don an ce yana da jagora mai shafi goma, ya tarar jagorar na wata manhaja ce da aka daina amfani da ita. Wanda ya faɗa ruwa, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

A ƙofar jami'a akwai shaguna na masu yi wa ɗalibai lissafi. Sau ɗaya ya shiga. Mai shagon ko kallon lambobin bai yi ba, ya tambaye shi wane sakamako yake so a fitar masa. Sammani ya tattara takardunsa ya fito ransa a ɓace, don ba zai sa hannun ƙarya a rubutun babansa ba. Rabin ajinsu ta nan suka bi, kuma tuni sun sa hular kammalawa sun ɗauki hoto.

Abin da ke cin sa ya wuce digiri. Mutumin da ya ɗauko gawar ƙanensa daga cikin kunya, ya ga gonar gidansu ta koma daji, ya ga mahaifiyarsa da ta saba buɗe rumbu tana aikawa a awo mata rabin tiya, shi ne na'ura ke gaya wa babu alaƙa. Ya rame, ya daina zama majalisa. Ɗalibansa suka fara cewa Malam na magana shi kaɗai a kan hanya, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Mai duba aikinsa, Dakta Tayyib, ba mugu ba ne, gajiyayye ne kawai, ɗalibi talatin ke wuyansa. Da saura wata biyu wa'adin Sammani ya cika, ya zaunar da shi ya ce ilimi ba son rai ba ne, abin da lissafi ya ba ka shi za ka rubuta, kuma rashin alaƙa ma sakamako ne. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Sammani ya rubuta cewa bincike bai nuna hare-hare na jawo tsadar gero ba. Ya kare kundin a gaban baƙon farfesa da aka gayyato daga wata jami'a, har aka yaba masa da cewa bai bari zuciya ta ja shi ba. Aka ɗinke kwafi biyar da baƙin bango da rubutun ruwan zinariya. Saura ya sa hannu ranar Juma'a, ranar da wa'adinsa ke cika.

Ranar Talata ya zo Batsari da kwafi ɗaya. Da hantsi yana zaune a tsakar gida yana duba kurakuran bugu, Ramlat na gefe tana murza gyaɗa, sai ya riƙa karanta jadawalin farashi a fili kamar yadda ya saba. Ramlat ba ta wuce aji uku na sakandare ba, amma ita ke auno abin da gidan ke ci tun zuwansu. Da ya kai shekara ta sha huɗu ya ambaci farashin Disamba, sai ta tsayar da hannu.

"Baban Nusaiba, wane Disamba? Da kaka gero ya kai haka? Wannan ai kuɗin damina ne. Watan Babbar Salla ne aka saida shi haka, na tuna, shekarar da muka yi tuwon salla da garin rogo."

Ya buɗe baki zai ce mata ta bar abin da ba ta sani ba, sai idonsa ya sake faɗawa kan lambar. Ya bi jadawalin da yatsa. A shekarun farko komai daidai, tsada da damina, araha da kaka. A hankali tsadar na matsawa gaba, tana matsawa, har a shekarun ƙarshe ta koma tsakiyar kaka, araha kuma ta faɗo lokacin da rumbuna suke wayam. Shekara ɗaya da rabi yana kallon lambobin nan ta cikin na'ura, bai taɓa karanta su a matsayin ɗan manomi ba.

Ya tashi ya leƙa ɗakin mahaifiyarsa, ya durƙusa, ya tambaye ta yaushe Malam yakan yi rubutu a jan littafin nan. Baiwa ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai ma da tambaya. In wata ya tsaya mana, kasuwar da ta biyo baya. Shi mi ya haɗa shi da watanninku na boko?"

Nan ya gane. Layin farko na Malam Ubale watan Muharram ne, na sha biyu kuma watan Babbar Salla. Shekarar da aka sayi littafin, Muharram da Janairu tare suka kama, shi ya sa farkon ya yi daidai. Amma shekarar Musulunci ta gaza ta boko da kwana goma sha ɗaya, sai jerin biyu suka riƙa zamewa, har a ƙarshe tsakaninsu ya kai wata biyar da ɗoriya. Yana haɗa harin da aka kai da kaka da farashin daminar da ta wuce. Babu jagorar da za ta gaya masa wannan, don waɗanda suka rubuta su ba su taɓa zaton akwai mai ƙirga wata da ido ba.

Bai ci abincin rana ba. Ya samo kalandar da ke haɗa watannin biyu, ya bi layi ɗari da tamanin ɗaya bayan ɗaya yana mayar da kowanne mazauninsa. Laraba da la'asar ya latsa, da matakan nan dai da ya haddace tun bara. Amsa ta fito sarai: hari ne ke gaba, bayan wata biyu tsada ta biyo. Ya sake ta wata hanya, haka. Ya kifa kansa a kan tabarma, Ramlat ta rasa ko murna za ta yi masa ko jaje.

Alhamis da sassafe yana ƙofar ofishin Dakta Tayyib. Daktan ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa, ya ce wannan aiki ne mai kyau, ya fi na farko nesa ba kusa ba.  Sannan ya ce amma gyaran bugu daban, sauya sakamako daban. Wanda farfesa ya sa wa hannu shi ne wancan. In za a sauya sai an sake karewa, baƙon farfesa kuwa ba zai dawo ba sai baɗi, kuma ƙarin wa'adi Sammani ya riga ya cinye nasa.

Sammani ya roƙa. Ya ce a bari ya cusa shafi ɗaya a ƙarshe, aka ce an riga an ɗinke kuma an buga hatimi. Ya je wurin shugaban sashe, ya je makarantar manyan digiri, ya tsaya a baranda har aka tashi aiki. Kowa ya tausaya masa, kowa ya nuna masa doka. Da ya dawo, Dakta Tayyib na rufe ofis.

"Ranka ya daɗe, ƙarya ce a ciki. Da sunana, da sunan mahaifina a shafin sadaukarwa."

"Na sani, Sammani. Ka sa hannu gobe ka riƙe aikinka, daga baya ka rubuta gaskiyar a mujalla. Ko ka ƙi, ka fita da gaskiyarka ba digiri. Ni ban da hanya ta uku."

Mujalla kuwa, Sammani ya san ba kowa ke buɗe ta ba. Kundin shi za a ajiye a laburare, ɗalibai masu neman abin kwafa su ɗauka su ce bincike ya nuna. Ya yi ta juya wannan a masallacin Juma'a har aka sallame bai san me liman ya karanta ba. Ya tuna bakuna goma sha uku. Ƙarfe uku da kwata ya sa hannu a kwafi biyar.

Asabar ya koma gida. Labari ya riga shi, maƙwabta na ta shigowa barka, matar ƙanensa har da guɗa. Da aka watse Baiwa ta sa aka kira shi, ta karɓi kundin da hannu biyu, ta shafa bangon, ta ce a nuna mata inda sunan Malam yake. Ya nuna mata. Ta daɗe da yatsa a wurin, ita da ba ta karatun boko.

"To, ka hwaɗa masu abin da aka yi mana? Ka rubuta cewa su suka jawo mana yunwar nan?"

Ramlat na bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai. Sammani ya dubi tsohuwar, ya ga yadda take jira.

"Na rubuta, Inna."

Ta ɗaga hannu ta yi ta sa masa albarka, ta ce yanzu ko ta mutu ta san magana ta isa inda ya kamata. Shi kuwa yana durƙushe yana cewa amin.