Ilu da Rijiyar Bayan Ƙwarya

Sunana Dalhatu, sana'ata zanen ƙwarya, a kasuwar Kurfi nake shimfiɗa tabarmata. Ban yi boko ba. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, na samo abin da zai ishe ni rubuta wannan. Labarin Ilu ne, wanda muka binne bara da kaka. Kowa na yabonsa tun da ya rasu, ni ma zan yabe shi, amma sai na fara da gaskiya: shekara bakwai ina jin zafin mutumin nan, kuma mutuwarsa ba ta hutar da ni ba.

Ilu ɗan Barkiya ne. Wurin kawuna muka koyi sana'a tare, na girme shi da shekara biyar, don haka Yaya yake ce mani. Mu kan fafe duma, mu jiƙa shi ya ruɓe, mu kankare cikin, mu shanya, sa'annan a jera wuƙaƙe cikin garwashi a shiga zane. A nan aka san bambancinmu. Ni bahago ne, amma layina ba ya karkata. Shi kuwa Ilu, kawu ya kan ɗaga ƙwaryarsa ya ce, "Wannan kaza ce ta yi tono ko mutum ne ya yi aiki?" Ilu ya yi dariya ya fi kowa. Haka ya girma: da damina ya noma geronsa, da rani ya ɗaura wa jakinsa ƙore ya zo ya zauna kusa da ni yana surutu. Matan Fulani masu nono, waɗanda su ne suka san ƙwarya, wurina suke zuwa. Abin da na rage shi yake samu, kuma bai taɓa nuna ya damu ba. A lokacin ina ƙaunarsa sosai.

Shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, ƙungiyar manoma da makiyaya ta yankinmu ta zaɓi sabon shugaba, wani mai sayen auduga, Alhaji Tukur. Ranar kasuwa ya hau bayan mota a gindin tsamiya ya yi alkawari uku. Zai haƙa rijiya a kasuwa. Zai yi wa masu nono rumfa su bar zaman rana. Zai sa a yi 'yar gada a ƙoramar da ke tare hanyar Barkiya da damina. Ya ce duka kafin kasuwa goma ta ci.

Ilu ya taɓa ni. "Yaya, kasuwa goma ya ce?"

"Haka na ji."

"To bari in riƙe mashi, kada ya manta. Manya abubuwa sun yi masu yawa."

Mako na gaba ya zo da wata ƙwarya. A bayanta ya ƙona bakin rijiya, ga guga a gefe amma ba igiya. Ga dirkoki huɗu a tsaye ba rufi. Ga ƙorama, takalmi ƙafa ɗaya na yawo a ruwa. Can sama kuma hula, irin mai aikin zare da Alhaji Tukur ke sawa, zaune ita kaɗai ba kai a ciki. Ilu ba ya zana abu mai rai, domin maƙwabcinsa Malam Hamma, mai makarantar allo, ya taɓa gaya mashi ranar gobe kiyama za a ce ya hura wa abin rai. A ƙarƙashin bakin ƙwaryar ya ɗiga ɗigo ɗaya. Kasuwa ɗaya ke nan ta ci.

Akwai wata mai nono daga rugar Barkiya, Sauda. Shekara goma sha biyu ba ta sayi ƙwarya a hannun kowa ba sai ni. Ranar nan ta zo, har ta durƙusa a gabana muna gaisawa, idonta ya faɗa kan ta Ilu.

"Ilu, ina igiyar gugan?"

"Tana hanya, 'yar Fillo. Daga Ikko za a kawo ta."

"Wannan rumfar tamu ce? Kai, ta sha iska!"

Ta saya. Ya ce mata duk kasuwa ta kawo ya ƙara ɗigo, kyauta. Abin da ya kashe ni ke nan. Wadda ta sayi tawa sai ta fashe nake sake ganinta. Wadda ta sayi tasa kuwa kowane mako tana gabansa, ta zo da ƙawarta, ƙawar ta zo da tata. Kafin ɗigo ya kai goma sha biyar, mata sun fara taka gefen tabarmata don su isa wurinsa. Wata ma ta ce in ɗan matsa.

A sababbin da yake yi, hular ƙara girma take, rijiyar na ƙanƙancewa. Da damina ta sauka ya ƙara takalma a ƙorama, har da akushi. Ƙoren nan suna yawo a kan mata daga Barkiya zuwa Kurfi, daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma, duk gidan da aka sauke nono sai an ƙirga ɗigo. Wani malamin makaranta ya tako keke daga Dutsin-Ma don ya ga Ilu. Ya ce irin wannan ake yi a jaridu, a zana babban mutum da ƙaton ciki. Ilu ya ce, "Malam, ni ban ga cikinsa ba, hularsa na gani."

Ni kuwa ina zaune ina duban aikin, raina na ɓaci. Bakin rijiyar bai zagayu ba. Dirkokin wata ta fi wata. Wuƙa ta yi zafi da yawa ta cinye gefen hular. Da kawu na da rai da ya jefa ta a wuta. Ni ba mai magana ba ne. Na yi ta haɗiyewa har ɗigo arba'in da biyu.

Bayan girbi, wata safiya, na sa ɗaya daga cikin ƙorensa a buhu na nufi ƙofar gidan Alhaji Tukur. Na san abin da nake so. A zamanin nan in ka ci mutuncin babba ana iya kai ka gaban alƙali. Ban so a ɗaure shi ba, Allah ya sani. So nake dai a tashe shi daga kusa da ni.

Na same shi a zaure da mutanensa. Ya juya ƙwaryar, ya sake juyawa.

"Malam Dalhatu, na ji ana maganarta. Fassara mani."

Sai ga ni ina bin zanen da yatsa: ga guga ba igiya, ga rumfa ba rufi, ga takalman da ruwa ya ci. Wani daga cikin mutanensa ya toshe baki da hannun riga ya fita waje.

"To ina ni a ciki?"

"Ba ka ciki, Alhaji. Hularka ce dai."

"Hula zan kai ƙara gaban alƙali? In tsaya in rantse tawa ce, duk kasuwa na ji?" Ya ajiye ƙwaryar. Mutum ne mai wayo. Ya daɗe yana dubana, sa'annan ya ce, "A garin nan wa ya fi shi iya wannan aiki?"

Shekara guda ina jiran wani ya yi mani tambayar nan. Na ce, "Ni."

Ya ce in yi mashi amsa, ƙwarya ashirin, a nuna ayyukan a kammale yadda za su kasance, mutane su ga alheri na tafe. Kada in sa alamata, kada kuma su fito daga gidansa a ce yabon kansa yake. Za a ba wani dillali ya sayar a Dutsin-Ma. Ni ma haka ya fi mani, don ba na so a san na je zauren nan.

Ban taɓa yin aiki irin wannan ba, ban kuma sake ba. Rijiya da baki a zagaye kamar wata ɗan sha huɗu. Guga cike, ruwa na zuba ta gefe. Igiya kuwa sai da na fitar da murɗinta sili-sili. Rumfa da rufin kara, ana ganin kowane ɗauri. Gada da duwatsunta. Hular na yi ta ƙarama a gefe, cikin ladabi. Inda na saba ƙona 'yan layukana uku, a cibiyar ƙwarya, na bar shi fari.

Bayan mako biyu Sauda ta zo kasuwa tana kiran mata tun daga nesa. Ta tsaya a gabana ta miƙo mani ƙwaryata.

"Malam Dalhatu, kai da ka san aiki, dubi hannu! Ashe Ilu ɓoye kansa yake yi. Ya gaji da jira, ya gama rijiyar kafin Alhaji!"

Wa zai zana rijiya da hula in ba Ilu ba? Ba wanda ya yi tunanin wani. Suka ɗauka sabuwar zolaya ce, kuma ta fi duk na baya ciwo. Ranar nan mata wajen talatin suka je ƙofar Alhaji Tukur suka zauna, kowace da ƙwarya a gabanta. Da ya aiko a tambayi lafiya, Sauda ta ce, "A gaya wa Alhaji mun ga rijiya, ɗiba muka zo yi." Suka zauna har la'asar. Kasuwa ta gaba suka koma, ta gaba ma haka. A ta huɗu muka tarar da mahaƙa sun fara aiki a bayan tsamiya.

Da aka kai wa Ilu ƙwaryar, ina kallonsa. Ya karɓa ya daɗe yana dubawa, ba dariya. Ya bi igiyar da babban yatsa. Ya ɗago ya dubi hannuna na hagu, ya mayar da kai.

"Ilu, kai ka yi ko?" in ji mutane.

"Wanda ya yi ya sani," in ji shi. Suka ce ji shi, har da kunya.

Da kasuwa ta watse muna ɗaure kaya, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Yaya, igiyar nan murɗin hagu ce."

Na ci gaba da naɗe tabarmata.

"In na ce ba ni ba ne, za su tambayi wane ne. In suka san wane ne, za su tambayi wa ya sa shi." Ya ɓare goro ya miƙo mani rabi. Na karɓa. Har ya koma ga Allah ba mu sake tayar da maganar ba.

Rijiyar ta yi ruwa kafin damina, Rijiyar Ilu ake ce mata. Rumfa ta biyo bayan shekara biyu. Gada har yau ba a yi ba. Ilu ya ci gaba da zanensa na tonon kaza, mutane na cewa da gangan yake yi, ai sun ga abin da ya iya in ya so. Baƙo in ya zo Kurfi neman gwani, a wuce ni a kai shi wurinsa. Na sha zama ina auna abin. Wata rana in ce asirina ya rufa, Allah ya saka mashi. Wata rana in ce ya tsinci suna a ƙasa ne ya sa aljihu, ya kuma san ba ni da bakin cewa nawa ne. Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Ni da kaina na ɗauki takin na kai mashi gona, har na yi mashi huɗa.

Watan jiya Sauda ta kawo mani ƙwaryar nan mai kammalalliyar rijiya, ta tsage daga baki. Ta tsufa yanzu, jikarta ke ɗaukar nono.

"Ɗinke mani ita, Malam Dalhatu. Ka bi a hankali, mai hannun ya tafi, ba za a sake irinta ba."

Na huda na ɗinke. Wuƙa na cikin wuta, cibiyar ƙwaryar na fari a gabana. Ban san lokacin da na ƙona layukana uku ba.

Ta karɓa, ta juya, ta gani. "La ilaha illallahu! Ku zo ku gani! Alamarsa ya sa wa aikin Ilu! Malam Dalhatu, da furfurarka? Har mamaci ba za ka bari ba?"

Kasuwa ta taru. Na buɗe baki, maganar ba ta fito ba, kamar kullum. Ta ɗauki tsakuwa a gabana ta kankare layukan.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, zan ba malamin nan na Dutsin-Ma ya karanta wa mutane ranar kasuwa. Ni ne na kai ƙarar Ilu zauren Alhaji Tukur, wannan laifina ne, na ɗauka. Ɗigo arba'in da biyu na Ilu ne, hular ma tasa ce, ni da zan shekara ɗari ba za ta faɗo mani a rai ba. Allah ya jiƙansa. Amma ƙwaryar da ke hannun Sauda tawa ce. Mai shakka ya je Barkiya ya roƙe ta ta nuna mashi, ya duba ta wane gefe igiyar ta murɗe.