Arewar da Ba Tamu Ba

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a cinya, ku ara mini kunne. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba tatsuniya ba ce. A kaina ta faru, a nan Tudun Wada, a ɗakin nan da kuka same ni.

Ina da jika namiji, ɗan 'yata ta fari. Ni na yaye shi, a bayana ya yi wayo. Ya yi boko har ya ƙoshi, aiki ya ɗauke shi zuwa ƙasar Turawa, ya yi shekaru ba mu sa shi a ido ba sai ta waya. Akwai wasan jika da kaka tsakaninmu. Ni ina ce masa maigidan, shi yana ce mini amarya, yana rantsuwa wai duk matan Turai bai ga mai haskena ba.

A shekarar da nake ba ku labari idona ya fara tafiya. Ba yana ba ce da ake cirewa a huta. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage kuma ba zai daɗe ba. Ta gefe ya fara ci, har na koma kamar mai leƙen duniya ta ramin makulli. Ban yi kuka ba. Na ga rabona a duniya, mai kyau da marar kyau. Abu ɗaya na roƙa, in ga fuskar yaron nan a gabana, ba a gilashin waya ba, kafin ramin ya toshe. Uwarsa ta gaya masa. Ya ce in sha Allahu.

Ana nan, wajen ƙarshen shekara, sai ya turo saƙon murya. Maƙwabciyata ce ta danna mini, wata 'yar Filato, Kirista, wadda ta yi aikin masaƙa har aka rufe ta. Katangarmu ɗaya tun 'ya'yanmu na rarrafe. Muka kasa kunne mu biyu. Ya ce ya sami hutu, bana arewa zai yi, zai je ya ga hasken arewa da idonsa, ya daɗe yana wannan buri.

To ku gaya mini, ku da kuka yi karatu. Mutumin da aka binne cibiyarsa a Kaduna, in ya ce zai yi arewa, ina zai je? Arewa ai mu ne. Rediyo in ta ce Arewa, mu take nufi. Direba in ya cika mota a Legas ya ce Arewa, nan zai sauke. Hasken arewa kuwa, na ce ja'irin nan bai daina zolaya ba, da ni yake. Maƙwabciyata ta tafa hannu ta ce, "Hajiya, angonki na hanya, sai a nemo lalle."

Na sa aka share ɗakin ƙofar gida aka yi masa fenti. Na aika aka sayo nama, muka zauna ni da ita muna dambu, ni ina lalube ita tana gani. Na daka yaji, na ƙulle kuka da daddawa da zai koma da su. Duk wanda ya shigo gaishe ni sai ya fita da labarin. Har liman na aika wa a sa yaron cikin addu'ar hanya.

Ranar da 'yata ta zo daga Unguwar Sanusi, warin fenti ne ya tare ta. Ta ce baƙo za a yi? Na ce ke da ɗanki kike tambayata? Ta nemi a kunna mata saƙon. Ta ji, ta sake ji, sannan ta zauna a bakin gado.

"Inna, ba Arewarmu yake nufi ba."

"Akwai wata ne?"

Ashe akwai. Wai in ka wuce Nijar, ka wuce sahara, ka ƙetare ruwa, ka wuce har ƙasar da yake zaune, akwai wasu ƙasashe can saman duniya inda ƙanƙara ke kwance kamar yashi a nan. A can, lokacin sanyi, wani haske kan fito a sama, kore da ja, yana kaɗawa kamar mayafin da aka shanya. Mutane na hawa jirgi daga ko'ina su je su tsaya su ɗaga kai. Ta jero mini sunayen ƙasashen, ɗaya kawai na riƙe, wadda za shi, Nowe.

Maƙwabciyata na bakin ƙofa da muciya a hannu. Ta ce, "Nowe? A Turancinmu na Kaduna wannan ai babu hanya ke nan. Ƙasar ma da bakinta ta ce masa kada ya zo."

Na tambayi 'yata, hasken nan ana karatu da shi? A'a. Yana warkar da wani ciwo? A'a. Kabarin wani bawan Allah ne a wurin ake ziyara? Babu. Kallo ne kawai. Kuma ba kullum yake fitowa ba, sai an taki sa'a, ana iya zuwa a kwana a tashi a dawo ba a ga komai ba. Na ce ashe irin wutarmu ce. Yaron da ya girma a tsakar gidan nan yana jiran a kawo wuta, jiran bai ishe shi ba, sai da ya hau jirgi ya je ya ƙara a garin wasu.

Da ya isa ya kira, irin kiran da ake ganin juna. Mu nan mun idar da la'asar, rana na dukan katanga, su can baƙi ƙirin, wai kuma agogonmu ɗaya. A watannin nan rana ba ta leƙo su. Na ce da me ake gane azahar? Ya ce waya ke faɗa. 'Yata ta kawo gilashin daidai ɗan ramin da ya rage mini, na ƙura. Hula har gira, tsumma har hanci, tururi na fita ta tsakani.

"Amarya, kin gan ni a ƙarshen duniya."

"Na ga buhun gwanjo yana magana. Ina maigidan?"

Ya yi dariya. Na ce to an ga abin? Ya ce an gani, bayan hadari ya yi ta rufe sama suna dawowa haka nan. An kwashe su a mota an kai su daji, sun tsaya har yatsu suka daina jin juna. Amma gaskiya, in ji shi, da ido ba kamar na hoto ba ne. Fari-fari ne, dishi-dishi, kamar hayaƙi. Sai an ɗauka da waya korensa yake fitowa.

Na ce, "Dishi-dishi kamar hayaƙi. Ai da ka zo nan na ba ka labari. Shi nake gani daga safe har yamma, ko takalmi ban sa ba."

Can ya ce ya ɗauka akwai lokaci, an ce masa a hankali ciwon yake ci. Hasken kuma wai bana yake da ƙarfi, in ya wuce sai an jima. Zai zo da babbar salla. Na ce Allah ya kai mu. Ban yi masa zancen fenti ba, ban yi masa zancen dambu ba.

Ya zo da babbar salla, bai yi ƙarya ba. Ramin dai ya toshe tun cikin azumi. Ya durƙusa a gabana na bi fuskarsa da hannu. Ya tara gemu, kumatu sun cika, ga wani tabo a goshi da ban san shi da shi ba. Tsarabata hoton hasken ne, ƙato, a cikin gilashi. Sai da ya miƙo mini sannan hannunsa ya tsaya. Na karɓa na shafa, sanyi, sumul. Na ce an gode, a jingine can.

Maƙwabciyata ciwon ƙafa ya matsa mata, ɗanta ya zo ya tafi da ita Filato, sai dai mu gaisa a waya ranar Lahadi in ta taso daga coci. 'Yata ta bar gidanta a hannun 'ya'yanta, rabin sati nan take kwana. Yaron ya koma bakin aikinsa, ya auri wata 'yar unguwar Kudenda ta nan Kaduna ya tafi da ita, kuma yanzu duk hutu nan yake yi, ya zauna a tabarma yana ta zuba kamar an biya shi. Sun haifi mace, ya sa mata sunana. An ce hancina ta ɗauko, sai dai in yarda. Ni kuwa ga ni nan, na san ɗakina da tafin ƙafa, ba mai ja mini sanda zuwa bayan gida. Iyakarta ke nan, ku ɗauki wayoyinku.