Jarkar Fetur Ɗaya Tsakanin Faifai da Tumatir

Har gobe ban manta da ranar da aka tura ni wata ƙaramar tashar gwajin iri ta hukumarmu ba, can ƙarshen kanal tsakanin Kura da Bunkure. Ku da kuka kama aiki kwanan nan kuna ganin mataccen faifan da nake danne takardu da shi a kan tebur, har wani cikinku ya ce in ba shi ya kai wa 'yan gwangwan. Ba zan bayar ba, ga kuma dalili.

Lokacin ina mataki na takwas a sashen kwamfuta na hedikwatarmu a Kano. Ni ba injiniya ba ne, amma a ƙauye duk wanda ya zo da sukurdireba a jaka Injiniya ne, ni ma ban taɓa musu ba. Ƙarshen rani ne, alkama ta fara ja, zafi ya kunno kai. Ana kuma cikin wahalar fetur irin wadda mutum zai kwana a layi ya dawo da tanki wayam. A motar haya na tafi, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni.

Wanda ya tarye ni shi ne Malam Isiyaku, babban jami'in gwajin iri na tashar, dattijo siriri da ya kusa ritaya. Rabin rayuwarsa ya kashe ta wajen neman tumatir mai jure zafin bazara. Duk manomin yankin ya san ciwon: da sanyi tumatir ya yi yawa har ya ruɓe a bakin titin Zariya, zafi na shigowa fure ya zube, a nemi na miya a rasa. Malam yana haɗa wannan iri da wancan, ya shuka, ya zaɓa, ya sake haɗawa. Tarihin kowane iri, uwarsa da ubansa da yadda ya yi a kowace shekara, yana cikin rumbun bayanai na wata tsohuwar kwamfuta da ta girme wasunku. Wanda ya rubuta manhajarta ya rasu, manhajar kuma ba ta aiki a kan kowace na'ura sai irin waccan. Takardun da za a koma wa gara ta gama da su a sito.

Sai na bayyana muku abu guda, domin shi ne ya sa al'amarin ya yi tsanani. Kowace shekara manhajar ce take raba wa irin sababbin lambobi kafin a kai shi wurin reno, don kada ma'aikaci ya fifita wani ko a saci mai kyau. A fili lamba kawai ake gani a jikin turke. Malam da kansa bai san wace lamba ce wane iri ba sai ya buɗe kwamfuta, ƙananan tumatir kuwa duk kamarsu ɗaya. Renon ya isa dashe, sai kwamfutar ta fara ƙas-ƙas tana tsayawa.

Na tambayi sau nawa aka kunna ta tun da ta fara. Ashe duk wanda ya shigo ofis sai ya danna ya ga ko ta ji sauƙi, kamar masu zuwa dubiya. Raina ya ɓaci, na kuwa faɗa musu, har da manajan tashar, Alhaji Garba, wanda ya girme ni a aiki nesa ba kusa ba. Faifan ajiya, wanda shi ne yake ƙas-ƙas ɗin, ɗan akwatin ƙarfe ne kamar tafin hannu, a ciki da faranti mai juyawa da allura mai karantawa. Idan ya fara ciwo, kowace kunnawa tana rage masa kwana. Ƙa'idarmu ita ce ba a gyara shi, ba a buɗe komai a cikinsa. Ana cire shi, a haɗa shi da wata na'ura, a kwashe shi gaba ɗaya zuwa lafiyayyen faifai, a fara da inda yake karantuwa, a tsallake inda ya lalace, sannan a dawo kansa daga baya. Kuma idan ya yarda ya fara juyawa, ba a kashe shi sai an gama, don ba lallai ya sake tashi ba.

Babu wutar lantarki a tashar, an kwana biyu da ɗauke ta. Fetur ɗin da ya rage an raba shi biyu. An zuba rabi a ƙaramin janareta domin ni, rabin yana cikin jarka an ajiye wa injin ban ruwa. Wurin renon yana kan tudu, ruwan kanal ba ya hawa sai an ja shi. Ranar ce kuma rabon ruwan ɓangarensu, kuma da yake su ne a ƙarshe, ruwan ba ya iso su sai bayan azahar, kafin magariba a rufe ƙofar ruwan sai wani makon. Na duba girman faifan na ce kafin azahar na gama.

Da hantsi na haɗa shi. Ya yi ƙas, ya sake yin ƙas, sai na ji ya ɗauki juyi. Na yi hamdala a zuci. Ofishin kwano ne babu silin, faifan kuma idan ya yi zafi yana ƙara rikicewa, don haka na ɗora shi a kan farantin silba, na aza farantin a bakin randar ruwan sha. Duk mai jin ƙishirwa ranar ya tafi masallaci ya sha.

Da farko abin ya yi gudu har na fara tunanin abin da zan ci a Kura. Malam Isiyaku ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya leƙo ya tambaye ni, ya tafi wurin reno ya taɓa ƙasa, ya dawo ya sake tambayata. Na ce masa kallon tukunya ba ya sa ta tafasa, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya fita, bai jima ba ya dawo. Da aka wuce rabi sai allurar ta isa inda ya lalace. Gudu ya koma rarrafe. Sai ta karanta kaɗan, ta yi ƙas, ta tsaya, har in fid da rai, sai ta motsa. Babban fayil ɗin rumbun kuwa wani sashensa yana cikin wannan yankin. Na bar kujera na koma safa da marwa tsakanin randa da janareta, ina buɗe tanki ina leƙawa kamar leƙen zai ƙara man.

Aka yi azahar ban gama ba. Manaja ya tura masinja a babur ya nemo mai, ko na 'yan bumburutu ne, ya duba Kura, in babu ya wuce Garun Malam. Muka zuƙe abin da ke cikin baburan da suka rage, bai kai ya cika kwalbar lemo biyu ba. Ana cikin haka sai ga Bawa, mai kula da injin ban ruwa, wani ƙaƙƙarfan mutum daga unguwar Maguzawa da ke bayan tashar. Ya ce ruwa ya iso, ya zo ɗaukar jarka. A daidai lokacin janareta ya fara tari.

Ban san lokacin da na riƙe hannun jarkar ba. Bawa ya riƙe ɗaya gefen, muka tsaya muna kallon juna. Na roƙi Manaja, na ce in janareta ya mutu yanzu faifan ya tafi ke nan, ba ni ba, ko wanda ya ƙera shi ba zai tashe shi ba. Manaja ya ce shi ma ba wasa ya zo yi ba, renon ya kwana biyu bai sha ba, a wannan zafin ba zai kai wani mako ba, kuma mene ne amfanin sanin sunan abin da ya bushe? Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushi. Ni ma na ce mene ne amfanin tumatir ɗin da ba a san ko wane ne ba, tunda dokar gwaji ta ce a tuge shi a zubar. Gaba kura baya sayaki.

Manaja ya juya ya ce, “Malam, duka biyun naka ne. Faɗi inda za a zuba.”

Malam Isiyaku ya kalli faifan a kan randa, ya kalli taga inda ake hango renon ya fara langaɓewa. Tausayinsa ya kama ni. Can ya ce, “Injiniya, zuba wa janaretanka.” Ya cire hula da riga ya rataye a ƙofa, ya ɗauki bokitin da ake goge ofis da shi, ya ce wa Bawa ya shiga unguwa ya ce Isiyaku yana gayya.

Bawa ya ce, “Malam, ai ba a kiran gayya ranar gayya. Ba tuwo, ba makaɗi, kuma kowa yana kan nasa ban ruwan.”

“Na sani. Je ka faɗa, wanda ya zo ya zo.”

Na zuba man a janareta. Daga nan hankalina ya rabu biyu, ido ɗaya a kan na'ura, ɗaya a taga. Na ga dattijon nan yana gangarawa kanal, ya ɗebo, ya hawo tudu, ya zuba wa fangali guda, ƙasa ta shanye kamar ba a zuba ba. Manaja ya tsaya ya kalle shi na ɗan lokaci, sai na ga ya naɗe ƙafar wando ya nemi garwa. Lebura biyu suka bi shi. Na ce a raina waɗannan ko kwana za su yi ba za su kai rabi ba, kuma idan faifan nan ya mutu bayan an ba ni man, da wane ido zan kalli Malam?

Wajen la'asar mutane suka fara ɓullowa. Ba kowa ya zo ba. Bawa ya ce wani har ya tambaye shi ko yanzu gonar gwamnati ma ta koma neman gayya. Amma waɗanda suka taɓa karɓar iri a hannun Malam sun zo, daga unguwarsu Bawa da ta Musulmi da ke wajen masallaci, wasu sun bar nasu ruwan yana gudu a gona sun ce maƙwabta su sa musu ido. Mata suka zo da robobi da ƙwarya. Suka yi layi daga bakin kanal har tudu, bokiti yana wucewa hannu zuwa hannu, wani ya kama dukan garwa a madadin ganga. Ni kaɗai ne ƙato a inuwa ina gadin randa, kunya kamar ta kashe ni, amma ba dama in matsa.

Rana ta yi ja lokacin da na'urar ta gama zagaye na farko ta koma kan wuraren da ta tsallake. Ta ciro wasu. Ana kiran magariba faifan ya yi wata ƙara mai tsawo, ya yi shiru, bai sake juyawa ba har yau. Ruwan kanal ma ya janye a wannan lokacin, fangalan ƙarshe sun sami rabin sha ne kawai. Masinja ya dawo da mai bayan komai ya wuce.

Washegari na juye abin da na kwasa a wani tsohon faifai mai lafiya da na zo da shi, na sa a kwamfutar, manhaja ta buɗe. Malam ya zauna yana bin lambobi da yatsa, leɓensa yana motsi. Yawancinsu sun fito da tarihinsu cif. Amma wasu 'yan fangalai sun faɗa inda ya lalace, lamba ce kawai, babu uwa babu uba. Manaja ya ce doka a tuge su. Malam ya roƙi alfarma a bar shi ya raba wa waɗanda suka ɗauki ruwa, aka yarda. Kafin in bar tashar na yi kwafi uku, na bar ɗaya, na ba Malam ɗaya, na taho da ɗaya.

Bayan Malam ya yi ritaya, wata bazara da tumatir ya yi wuya a Kano, sai ga shi a ofishin nan da kwandon tumatir, ya ce saƙon Bawa ne. Irin da tashar ta fitar da sunanta ya yi kyau daidai gwargwado, amma wanda ya fi duka jure zafi yana cikin marasa tarihin nan, manoma suna ta ajiye irinsa suna ba juna. Ba za a iya yi masa rajista ba, sunan Malam ba zai taɓa hawa kansa ba. Ya ga faifan a teburina, ya ɗauka yana juya shi, ya tambaye ni ko da sababbin na'urorinmu za a iya sake gwadawa. Na ce an gwada, babu. Na ba shi haƙuri, na ce na so in ceto masa sunan. Ya ajiye faifan a hankali.

“Bar shi, ɗana. Ai ya sami suna. Ɗan bokiti suke ce masa.”

To kun ji. Ba a fafe gora ranar tafiya, kwafi ana yinsa ne tun faifai yana da lafiya, kuma wanda na kama ya tsallake kwafin mako zai ji bakina. Idan an tura ku aiki, kafin ku kunna komai ku tambayi man da ke ƙasa, ku tambayi kuma wane ne yake jiran jarkar bayan ku. Mu a sashen nan mukan ɗauka mu ne muke ceto aikin mutane. Ranar nan ni zama na yi a bakin randa, mutanen da ba su taɓa taɓa kwamfuta ba ne suka saya wa faifan lokaci da kafaɗunsu.