Binciken Auren Saude 'Yar Ƙwallo

Masana tarihi sun ɓarar da tawada mai yawa wajen bayyana abin da ke rushe dauloli. Wasu suka ce yaƙi, wasu fari, wasu zaluncin masu mulki. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli, na yi nazari na gano duk kewaye-kewaye suke yi. Al'umma ba ta lalacewa sai ranar da aka fara ɗaura aure ba bincike. Saboda haka da yayana Alhaji Garba ya kira ni zaurensa ya ce in je Gwarzo in binciko asali da halin yarinyar da ɗansa Kabiru yake nema, sai na ji kamar an naɗa ni jakada.

Kabiru mai yanka kati ne a wani asibitin ƙashi a nan Kano, a can ya haɗu da ita. Abin da ya gaya mana bai taka kara ya karya ba: sunanta Saude, iyayenta mutanen Madadi ne a ƙasar Gwarzo, tana aiki a Kudu. Yaya ya ce, "Malam, kai ne mai ido. In ka ga abin ƙi ka faɗa, a fasa tun ba a kai goro ba. Abin da ka ce shi za a yi." Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kowa yana kaffa-kaffa da irin zancen da za a yi a kan gidansa.

Talata: Kabuga zuwa Gwarzo

Na bar gida ƙarfe shida saura kwata, gari bai gama wayewa ba. Ɗan acaɓa ya kai ni tashar Kabuga a kan naira talatin, na shiga hayis ta Gwarzo a kan ɗari da ashirin. Bisa sabon tsari, mata a baya, maza a gaba. Wata akuya da aka ɗaure a tsakiya ita ce ta zama shamaki, kuma ta riƙe aikinta da gaskiya. Mun tashi bakwai saura minti goma. Shinge biyu muka tarar kafin Rimin Gado, ɗaya bayanta, duk aka gaisa aka wuce.

Ƙa'idar bincike ta farko ita ce kada kowa ya san abin da ya kawo ka. Da direba ya ce, "Baba, ziyara ko kasuwa?" sai na ce gyaɗa zan duba.

Ya kalli babbar rigata, ya kalli takalmina da ya sha mai, ya ce, "Allah ya sa a dace. 'Yar gidan wa ce gyaɗar?"

Na juya ina kallon taga har muka shiga Gwarzo ƙarfe tara saura ashirin, tafiyar kusan kilomita saba'in.

Na sauka gidan Malam Inuwa, tsohon hedimasta, wanda muka yi kwalejin horon malamai tare. Aka kawo koko da ƙosai. Muka tambayi gida, muka tambayi gona, muka yi wa juna ta'aziyyar waɗanda suka rasu da jajen fanshon da bai zo ba. Sannan na lallaɓa na ambaci Saude 'yar Malam Ado na Madadi. Malam Inuwa ya miƙe. Ya shiga ciki ya fito da wani tsohon ambulan, ya zaro guntun jarida ya miƙo mini. Mata ne goma sha ɗaya a tsaye cikin fili, kowace da riga mai lamba da gajeren wando. An zagaye ɗaya da jan biro.

"Ga ta nan," in ji shi. "Lamba huɗu. 'Yar baya ce. Ni na koya mata lissafi, amma wannan ba ni na koya mata ba."

Na cire tabarau na goge na mayar. Wandon bai ƙara tsawo ba.

"Ƙwallo? Ta ƙafa?"

"Da kai ma tana sawa."

"Inna lillahi! Kuma sana'a ce? Biyanta ake yi?"

"Albashinta ya fi fanshona da naka in an haɗa. Kuma nata yana zuwa."

Ya ba ni farkon labarin. Ubanta direba ne a wata ma'aikata, aka sallame shi a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da ake bin layi a sayi sabulu. Ya dawo ƙauye, ya rarraba 'ya'yansa gidajen dangi. Saude, tana da shekara goma sha ɗaya, ta faɗa hannun gwaggonta da ke auren soja a wani bariki a Kaduna. A bariki kuwa ba a tambayar wanda ya buga ƙwallo ko mace ne ko namiji, sai dai ko ta shiga. Wata malamar wasanni ta gan ta, ta kai ta gasar makarantu. Tana shekara sha shida wata ƙungiya a Kudu ta ɗauke ta. Daga nan aka kira ta sansanin 'yan wasan ƙasa.

Ƙosai uku na bari a faranti, abin da ban taɓa yi ba tun ina ɗalibi. Na kwana a ɗakin zaurensa bayan tuwon dawa miyar kuka, cikin gidan sauro mai ƙofofi fiye da ganuwar birni.

Laraba: Madadi

Ƙarfe takwas na hau acaɓa, naira hamsin, tafiyar rabin sa'a a hanyar burji. Ƙa'ida ta biyu: ba a shiga gidan yarinya, sai a bi maƙwabta da mai shayi da masallaci. Mai shayi ya ce, "Saude? Tana aiki a Kudu." Na ce wane aiki? Ya ce, "Irin na can." Maƙwabci ya ce tana aiki a Kudu. Mai faci ya ce tana aiki a Kudu. Kai ka ce allo ɗaya aka rubuta musu suka wanke suka sha.

Bayan azahar na tsaya wajen limamin unguwar, dattijo mai littattafai jibge a buzu. Na tabbata a nan zan ji hukunci mai zafi, in naɗe shi in kai wa Yaya, in huta. Na ajiye kewaye-kewaye na tambaye shi kai tsaye.

Ya ce, "Malam, na ga kai mai karatu ne. Shaida da me ake yin ta?"

Na ce, "Da gani."

"To ni ban gani ba. Duk garin nan ba wanda ya gani. Ba mu da lantarki, balle talabijin."

"Allah gafarta Malam, ai ana ji a rediyo."

"Ana ji. Amma rediyo ba ya cikin waɗanda ake karɓar shaidarsu. Ba a san ubansa ba, ba a san malaminsa ba. Abin da na gani da idona shi ne, in ta zo gida da lulluɓinta take fita, ba ta wuce babba ba ta gaishe shi ba, kuma ba a taɓa kawo mini ƙararta ba. In ka tambaye ni wannan, na shaida."

Na miƙe baki buɗe, na ɗauki takalmina. Har na kai ƙofa ya kira ni, ya rage murya.

"In kun haɗu, ka ce mata ta daina bin 'yar gaba har tsakiyar fili tana barin baya a buɗe. Haka dai na ji ana faɗa."

Ban farfaɗo daga wannan ba sai ga wani mutum siriri da fartanya a kafaɗa ya yi mini sallama a gindin darbejiya. Malam Ado ne, uban yarinyar. Ashe tun saukata daga acaɓa gari ya san da zuwana.

Ya ce, "Ranar da aka sallame ni, 'ya'ya bakwai gare ni da rabin buhun dawa. Ni na aika ta bariki da hannuna. Da na ji abin da take yi, shekara uku ba na amsa gaisuwarta, ita kuwa ba ta fasa aikowa ba. Ba zan ɓoye muku ba, ba kuma zan roƙe ku ba. Tana Kabo wajen gwaggon tata, mijin ya yi ritaya can suka koma. Je ka gan ta da idonka, tunda an ce shaida sai da gani."

Alhamis: Kabo

Na bar Gwarzo bakwai da rabi a wata tsohuwar fijo, naira sittin, mu uku a gaba ban da direba. Taya ta yi faci, tafiyar minti arba'in ta koma sa'a ɗaya da rabi. Aka shimfiɗa mini tabarma a zauren gidan gwaggo, aka kawo ruwa.

Saude ta fito. Doguwa ce, mai faɗin kafaɗa, da mayafi har gwiwar hannu. Ta yi sallama, ta ɗan sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, ina kwana? An zo lafiya?" A tsaye. Ƙafa ɗaya a miƙe gefe. Na jira ta durƙusa. Ba ta durƙusa ba.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, daɗi na ji. Ga abin ƙi ya kawo kansa, tsaftatacce, wanda zan kai wa Yaya ba tare da bakina ya furta kalmar ƙwallo a zaurensa ba: yarinyar ba ta durƙusa wa manya. Magana ta ƙare. Na haɗe rai, na amsa da ƙyar, na fara laluben littafin da nake rubuta bincikena.

Sai muryar gwaggo daga bayan ƙyaure: "Ke Saude, ki gaya masa mana! Ba ki ga yana ta kumbura kamar alkubus ba?"

Saude ta ce, "Ku yi haƙuri, Baba. Ƙarfe ne a gwiwar, kusoshi biyu. Likita ya ce sai nan da wata uku za ta lanƙwasu. Sallah ma a kan kujera nake yi."

Na mayar da littafin aljihu. Kwana uku ina tafe da sanin cewa a asibitin ƙashi suka haɗu, ban taɓa tambayar kaina me ya kai ta ba.

Aka kawo mata kujera, aka kawo mini dambu da zogale wanda ya fi ƙarfin fushina. Ta ba ni sauran labarin ba tare da ado ba. Su goma sha biyu a ɗaki ɗaya a wani gari na bakin teku, kowa ta wanke rigarta da kanta, suna kiranta Hajiya tun ba ta san hanyar filin jirgi ba. Kakar wasa biyu a wata ƙasar Turai mai sanyi, inda ta buga minti casa'in da azumi a bakinta, mai horarwa yana binta da gorar ruwa yana roƙo. Gwiwar kuwa wata 'yar gaba ce ta taka ta, a wasan da suka ci.

Na ce, "To 'yar nan, kunya fa? Dubban mutane suna kallo."

Ta ce, "Na ji ta, Baba, shekarar farko. Yanzu dogon wando nake sawa daga ciki. Amma kunyar da ta fi ciwo a fili ita ce a wuce ka da ƙwallo."

"Yanzu ai kin bari, tunda ga aure."

"Saura kaka ɗaya a yarjejeniyar da na sa wa hannu. Alkawari ne, in ƙafa ta warke zan cika. Kabiru ya ce a bari sai an ɗaura sannan ya gaya muku. Na ce a'a. Ku gaya musu yanzu, Baba, duka, har hoton. In za a ƙi ni, a ƙi ni an san ko ni wace ce."

Na koyar da yara sun fi ƙidaya, ban tuna wanda ya taɓa miƙo mini bulalar da za a doke shi da ita ba. Da zan tashi na isar mata da saƙon liman. Ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce, "Haka mai horar da mu yake cewa."

Komawa gida

Na bar Kabo uku da minti goma, na sauka Kabuga biyar saura kwata. Duk hanya jawabi nake tsarawa, har mai zama kusa da ni ya ɗauka wuridi nake yi.

Ranar Juma'a bayan an sakko, muka taru a zauren Yaya, shi da ƙannenmu biyu. Na ajiye guntun jaridar da na aro a tsakiyar tabarma. Yaya ya yi salati har sau uku. Ɗaya daga ƙannen ya miƙe yana neman takalminsa. Na ce ya zauna. Minti arba'in na yi ina magana. Na jawo tarihi, na jawo fiƙihu, na ɗauko hujjar liman sukutum na aza. Na ce na je neman abin ƙi, na same shi har biyu, ɗaya ya zama kusa a gwiwa, ɗaya kuma ita da kanta ta ce in kawo muku. Na ce yarinyar da ta ƙi a ɗaura mata aure a kan ɓoye-ɓoye ba za ta ɓoye wa mijinta komai ba. Na gaya musu ba ta bari ba, saura kaka ɗaya. Aka yi ta ja har la'asar.

Daga ƙarshe Yaya ya naɗe jaridar ya miƙo mini, ya ce, "To Malam, a wuyanka. A kai goro."

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Malam Inuwa da masauki, da limamin Madadi da karatun da ya ƙara mini bayan na tsufa, da gwaggon Saude da dambunta.

Ranar Litinin, kafin a sayi goron, tsohon sojan nan mijin gwaggo ya yi sallama a ƙofar Yaya. Ashe kwana uku ya yi a unguwarmu yana sallah a masallacinmu, ba wanda ya kula da shi. Ya ba mu haƙuri cikin ladabi, ya ce kada a kai goron. Sun yi nasu binciken. Kabiru ba ya fitowa sallar asuba.