Gogaggen fayil da matar yayana

Ko zan manta komai a sana'ata ta gyaran kwamfuta, ba zan manta da wata ranar damina a Birnin Gwari ba, a lokacin nan da aka yi ta fama da rashin sabis, ba kira, ba intanet.

Ina zaune a shago da hantsi sai ga ɗan acaba ya tsaya ko kashe mashin bai yi ba, ya ce likita na nemana yanzu yanzu. Likitar nan mutuniyar kudancin Kaduna ce, ta daɗe a garinmu tana da ƙaramin asibiti, ni nake duba mata kwamfuta. Na ɗauki jakata na hau.

Muna shiga harabar asibitin gabana ya faɗi. Yayana na gani a tsugune a gindin bango, wandonsa duk taɓo. Daga Randagi ya ɗauko matarsa a kan mashin, cikinta ya tsufa, tun asuba take zubar da jini.

Likita ta ja ni ofis. "Injiniya, dole in yi mata sikanin kafin in taɓa ta. In mabiyiya ce ta tare hanya, tiyata za mu yi nan take. In ba ita ba ce, yanka ta ganganci ne, jininta ya yi ƙasa." Na'urar sikanin ɗin 'yar ƙarama ce, da kwamfuta ake jona ta. Kwamfutar kuwa ruwan saman jiya ya yi yoyo a kanta, ta mutu murus. Tawa da na zo da ita a jaka tana nan lafiya, amma na'urar ba ta aiki sai da manhajarta, faifan da ya zo da ita kuma an neme shi sama da ƙasa an rasa.

Na ce, "A kai matar Kaduna mana." Ta girgiza kai. Ni ma na san amsar. Tun jiya direbobi suka ƙi shiga dajin, ko da an samu mai kasada, ramukan hanyar kaɗai sun isa su ƙarasa ta.

Sai na tambaye ta yadda aka sa manhajar tun farko. Ta ce mutumin da ya kawo na'urar ya kwafe wani babban fayil a kwamfutar, ya girka daga nan, daga baya aka goge shi don wuri ya cika. Wannan maganar ce ta ba ni ɗan numfashi. Abin da aka goge a kwamfuta ba ya tafiya nan take, yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa.

Na kwance matacciyar kwamfutar. Na ciro ma'ajiyarta, inda fayiloli suke zama, na goge danshin da bakin rigata, na jona a tawa. Da na ji ta fara ɗan ƙugi, na ce alhamdu lillahi a fili. Na saki manhajar da nake tono gogaggun fayiloli da ita.

Jira ya fi komai wuya. Ta bango ina jin nishin matar yayana, matar da ta riƙe ni lokacin ina makaranta, ba ta taɓa bari na fita ban karya ba. Yayana ya leƙo ya ce, "Ƙanena, ya ake ciki?" Na ce, "Yaya, ka ci gaba da addu'a." Ban iya haɗa ido da shi ba.

Fayiloli suka fito rututu, duk sunayensu sun ɓace, sai lambobi. Na riƙa bin su da girma har na samu wanda ya yi kama. Na danna, tambarin na'urar ya bayyana, likita ta dafa tebur. Ya yi nisa yana shiga, sai ya tsaya cak. Ya lalace, an rubuta wani abu a kan wani sashensa.

Likita ta cire tabarau ta ce, "Ba zan iya ƙara jira ba. Zan shirya ɗakin tiyata, in yanke shawara da ido rufe." Ta fita.

Gumi ya jiƙa ni sharkaf. Har na kai hannu zan rufe kwamfutar, sai na tuna irin wannan fayil a ƙunshe yake zuwa, sai an warware shi kafin a girka. Ke nan wanda na samu warwararren ne, ƙunshin na asali yana iya kasancewa. Na sake tonowa, wannan karon ƙunsassu kawai nake nema. Ga shi can ƙasa. Na warware shi ina salati, ya shiga har ƙarshe. Na jona na'urar, na ɗora a tafin hannuna, allo ya kawo hoto.

Da gudu na kai mata. Ba a daɗe ba ta fito ta ce wa yayana, "Baba, mabiyiya ce ta tare hanya. Ka sa hannu, yanzu za mu shiga." Ni aka ɗebi jinina, don nawa ya zo ɗaya da na matar yayana. Bayan la'asar muka ji kukan jaririya, uwar ma ta farfaɗo. Yayana, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, ya rungume ni yana kuka.

Yarinyar yanzu tana firamare. Tun daga ranar, duk manhajar da na girka wa mutum sai na ajiye masa kwafinta a filashi, na riƙe wani a wurina. Na koyi cewa babu ƙaramin abu a aikin da aka ba ka amana, don ba ka san ranar da ran wani zai rataya a kansa ba. Kuma idan ƙofar farko ta rufe, kada ka tattara kayanka sai ka ƙwanƙwasa ta biyu.